Takardar da Ta Kwana a Aljihu

Waɗanda suka yi noman rani a filayen Bakalori, tsakanin Talata Mafara da Bakura, sun san Malam Balarabe Mai Ƙofa, ko da ba su cika jin muryarsa ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana bin gaɓar kanal a kan keke, da wani dogon ƙarfe ɗaure a bayan sirdi. Da ƙarfen nan yake murɗa ƙofofin ruwa, ya buɗe wa wannan layi yau, gobe ya rufe ya buɗe wa wancan. Aiki ne na mai iya haɗiye zagi, domin manomin da shinkafarsa ke jin ƙishi ba ya tauna magana. Shi kuwa sai ya saurara har mutum ya gaji, sannan ya ce, "Ranarka Alhamis ta," ya hau kekensa ya wuce.

Asalinsa mutumin Faru ne, can ƙasar Maradun. Yana saurayi aka datse gulbi, fadamar mahaifinsu ta shiga cikin waɗanda ruwa ya ci. Shi da wansa Ɗanasabe suka raba hanya. Ɗanasabe ya yi Dakko ta ƙasar Bakura, inda ya auri Taiba ya kama noma. Balarabe ya zo Mafara ya yi lebura a aikin kanal, har aka ga ba ya makara kuma ba ya karɓar na goro, aka damƙa masa ƙarfen.

Da matarsa Sa'adatu ta haifi ɗansu na fari, aka raɗa masa Umar Faruk. Ranar suna ce ranar ƙarshe da aka ji wannan suna a inda Balarabe yake zaune bai kau da kai ba. Haka mutanensu suke da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Da aka yaye yaron sai aka kai shi Dakko, Ɗanasabe da Taiba suka riƙe shi, su da Allah bai ba su namiji ba. Ya tashi yana ce wa Ɗanasabe Baba, yana ce wa mahaifinsa Malam. In ta kama dole Balarabe ya ambace shi, sai ya ce "na Dakko".

Wannan bai taɓa zama matsala ba, domin akwai gada. Duk abin da uba ke son faɗa wa ɗa, Ɗanasabe yake faɗa wa. Duk abin da ɗa ke nema, ta Ɗanasabe yake bi. Lokacin da yaron ya ci jarrabawar shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, tallafin da ya samu bai kai ba. Aka wayi gari shanun huɗar Balarabe guda biyu ba sa turke. Wanda ya tambaya, sai ya ce sun tsufa. Kuɗin ya isa Zariya da sunan Ɗanasabe, kuma Ɗanasabe aka yi wa godiya.

Umar Faruk ya gama, ya sha zaman jira, daga baya ya samu aiki a wani kamfanin jiragen fasinja. Mataimakin direba ne, amma duk Mafara Kyaftin ake ce masa. Jirgin kamfaninsu yakan taso daga Abuja zuwa Sakkwato da hantsi, Litinin da Laraba da Juma'a, ya ratsa ta saman filayen shinkafa yana rage tsawo. Manoma sun lura cewa a waɗannan ranaku, da wannan lokaci, ƙofar da Malam Balarabe ke murɗawa takan yi masa tauri. Sai ya tsaya ya dafa ƙarfen, ya ɗan ɗaga hula kamar mai duban hadari. Ba wanda ya taɓa yi masa maganar.

Ɗanasabe ya rasu da azumin shekarar da ta gabaci wadda za mu ba da labarinta. Aka yi zaman makoki, aka watse. Ba wanda ya tuna cewa gadar ce ta karye.

A ƙarshen daminar 2021 Umar Faruk ya zo gida, ya ce hutu aka ba shi. Ba a daɗe ba aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda halin da daji yake ciki, aka rufe kasuwanni, fetur ya yi wuya. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya shiga, hutun bai ƙare ba. Kullum da safe yakan zo zaure ya durƙusa ya gaishe da Malam, su yi ta lafiya lau har gaisuwar ta ƙare, kowa na kallon tabarma. Bayan kwana bibbiyu kuma sai ya bi motar Murtala, direban da ke jigilar Sakkwato, ya je can inda waya ke kamawa, ya dawo da yamma fuskarsa ba ta faɗin komai.

Balarabe ya ga duk wannan. Ya ga agogon da ɗan ke ɗaurawa a hannu babu shi yanzu. Ya kuma san abin da ya fi wata biyu yana gani a sama, wato ba komai. Amma tambaya ba ta da hanyar da za ta bi.

Ran Litinin aka aiko cewa jikin Taiba ya motsa. Umar Faruk ya shirya zuwa Dakko, ya ce sai Juma'a zai dawo. Wayarsa kuma ya bar wa Murtala. A lokacin haka ake yi: direba ya tara wayoyin mutane a jaka, kowace da sunan mai ita manne a baya, in ya shiga Sakkwato ya kunna su, saƙonni su shigo, wanda aka kira ya amsa ya riƙe maganar a ka ko a takarda.

Ran Talata bayan la'asar, ranar da a da ba ka jin kiran sallah don hayaniyar kasuwa, dattawan unguwa na zaune jugum a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Balarabe. Sai ga motar Murtala ta tsaya da ƙarfi. Ya fito bai ko rufe ƙofa ba, ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ya yi gaisuwar a gurguje.

"Baba, saƙon Kyaftin na. Kuma da zahi shi ke. Wani abokin aikinai ya kira har sau..."

Idanu shida suka juyo kan Balarabe. Ya ji su kamar rana a ƙeya.

"Aje nan," in ji shi. "Mai abu shina dawowa."

"Baba, ai maganar ita ce..."

"Murtala, ya hanya? An samu mai kuwa yau?"

Alhaji Nagode mai shagon taki, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai yaro, yau ka san Malam? Ko jirgin ka turo mai ƙohwar gida, cewa za shi yi a matsa da shi ya tare hanyar awaki."

Aka yi dariya. Murtala ya haɗiye sauran maganarsa, domin ba a ja da babba a gaban tsaransa. Ya miƙa wayar da wata takarda da ya yage daga littafin lodi, ya yi rubutu a bayanta. A ransa ya ɗauka da an tashi za a ba wani ya karanta. Balarabe ya zura su a aljihu ba tare da ya duba ba, ya ci gaba da zancen tsadar taki.

Karatun Balarabe na allo ne, boko kuwa lambobin ƙofofin ruwa kaɗai ya sani. Masu karanta masa takardar suna da yawa a unguwa. Amma duk wanda ya ba, gobe gari ya ji abu biyu: cewa Malam na bin diddigin ɗan fari, da kuma ko mene ne ɗan ke ɓoyewa. Ya ce a ransa bari a idar da magariba. Aka idar. Ya ce bari a yi isha'i. Haka takardar ta kwana a aljihu.

Da asuba Sa'adatu ta kawo masa kunu ta ajiye. Ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba. Ta tsaya tana gyara murfin kwano wanda ba abin da ya same shi.

"Jiya na ji motar Murtala ta tsaya."

"Ta tsaya."

"To," in ji ta. Ba ta tafi ba.

Bai sha kunun ba. Ya fitar da keke ya nufi tasha.

Ya tarar da Murtala yana ɗaure buhuna a bayan mota, fasinja sun kusa cika. Ya yafuto shi gefe, bayan rumfar mai faci, inda ba kowa.

"Jiya kana magana."

Murtala ya dube shi, ya dubi aljihun. "Baba, ba a kai mai ba? Inna lillahi! Ni na aza tun jiya anka tashi mutum!"

"Hwaɗi dai."

Murtala ya faɗa, yana yi yana share gumi. Mai kiran sunansa Sufyanu, tare suke tuƙi da Kyaftin. Ya ce kamfanin ya daɗe yana tangal-tangal. Jirage bakwai gare su, biyar na ajiye, an rasa dalar sayen kayan gyara, ga man jirgi ya yi tsada. Wata biyar ke nan ba albashi, an ce direbobi su koma gida su jira. Yanzu wasu masu kuɗi sun shigo za su tallabe kamfanin, amma sun ce direbobin sun yi yawa. An tura wa kowa saƙo tun Litinin: gobe Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana, kowa ya bayyana da kansa a ofishin Abuja da takardunsa. Daga cikin waɗanda suka zo za a zaɓa. Wanda bai zo ba, an ɗauka ya ajiye aiki.

"Ya ce ya gaya musu babu waya Zamfara, sunka ce su ba ruwansu. Baba, gobe hwa. In ya kwana Sakkwato yau, akwai jirgin wani kamfani da sahe. In bai kwana ba, shi ke nan."

Balarabe ya dafa sirdin keke. Jiya da la'asar akwai sauran rana, akwai masu babur da ke komawa ƙauyuka. Da ya bar yaron nan ya ƙarasa numfashi ɗaya, da yanzu na Dakko na zaune a cikin motar nan.

"Kana iya ratsewa?"

"Da mota? Hanyar ta cinye, Baba, laka har gwiwa. Kuma man da ni da shi na zuwa da dawowa na." Ya yi lissafi da yatsu. "Yau sawu biyu ni kai. Na biyun ina wucewa Lambar Bakura da la'asar. In tsaya in jira shi. Amma in rana ta yi ja ba ni iya tsayi, kai ma ka san abin da ad bisa hanyar."

Balarabe ya zagaya wurin masu acaɓa. Yawancinsu sun jingine babura ba mai. Biyun da ke da shi, da suka ji Dakko, sai suka dubi juna. Ɗaya ya ce shekaranjiya an ga baƙi wajen, ko nawa za a ba shi ba ya zuwa. Sauran 'ya'yan Balarabe mata ne, kowace na ɗakinta. Ya koma gida ya sa iska a taya. Sa'adatu ta fito da gorar fura ta rataya masa a ƙaho, kamar dama a shirye take, ba ta tambayi inda za shi ba.

Bai bi titi ba. Ya hau gaɓar kanal, hanyar da ƙafafunsa suka sani fiye da idonsa. Shekarunsa sittin da uku, kuma ya yi shekara huɗu da ajiye ƙarfen. Da farko akwai mutane jefi-jefi a cikin shinkafa, suna ɗaga masa hannu. Daga ƙofa ta tara sai gonakin tudu, dawa ta yi tsawo ta rufe hagu da dama, ba ka ganin taku goma. Gonaki ne da ya san masu su, amma ba kowa a ciki, ciyawa ta kama kunyoyi. Ko tsuntsaye kamar an gargaɗe su.

A wata mararraba jami'an tsaro suka tsayar da shi. Wani matashi da bindiga a kafaɗa ya leƙa gorar, ya jujjuya wayar da ba ta da amfani.

"Baba, ina zuwa da ranar nan?"

"Dakko."

"Wurin wa?"

"Wurin ɗan wana."

"Lafiya?"

"Saƙo na."

Matashin ya dube shi daga hula har silifas. "Saƙon ba zai jira gobe ba? Gaba ba mu da mutane."

"Ya riga ya jira," in ji Balarabe.

Rana ta take tsaka lokacin da ya ji ƙugin. Babura ne, fiye da ɗaya, kuma ba gudun mai zuwa gona suke yi ba. A lokacin da mai ya gagari mutanen gari, ba a tambayar wane ne ke da na yin irin wannan gudu. Nan gaba kaɗan akwai wani kwalbati da ya sha cire wa ciyawa. Ya sauka ya ja keken cikin gangare, ya kwantar da shi a cikin tofa, ya shige ƙarƙashin kwalbatin ruwa na taɓa ƙugunsa. Hannunsa ɗaya ya ɗaga sama da wayar da takardar. Suka wuce ta bisa kansa, ƙasa na zubo masa a wuya. Ɗaya, biyu, uku. Na huɗun ya rage gudu, ya tsaya. Balarabe ya ji an tofar da yawu, ya ji an kira wani da suna, an amsa daga nesa. Bakinsa na motsi ba sauti. Sannan injin ya sake tashi.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai da ya tura keken tafiya mai ɗan nisa kafin ya hau.

An idar da azahar ya shiga Dakko, wando jiƙe, laka har ƙirji. Ya yi sallama gidan marigayi wansa. Taiba na kwance a tabarma a inuwar rumbu, ta rame, amma bakin nan nata na nan. Matar wa ce, tsakaninsu da wasa tun suna da ƙuruciya.

"A'a! Mai Ƙohwa, kanal ɗin ce ta biyo ka har gida? Ko ka zo gadona tun ban mutu ba?"

Ya gaishe ta da jiki a taƙaice, abin da bai taɓa yi ba. Ya fito da wayar da takardar ya ajiye a bakin tabarmarta.

"Ki ce ma ɗanki..."

"Ba ni cewa."

Ya ɗaga kai.

"Mai kai muku saƙo shina kushewa, Allah shi jiƙan shi. Ni ban gaji wanga aiki ba. Shekara talatin da biyar kuna wahal da bawan Allah, wanga shi hwaɗa, wancan shi hwaɗa, kamar masu cinikin saniya. Ga shi can baya shina gyaran danga. Bakinka ciwo shi kai?" Ta ɗaga murya. "Faruƙu! Taho ga baƙo!"

Umar Faruk ya fito da igiyar rama a hannu. Da ya ga mahaifinsa cikin wannan hali sai ya yar da ita, ya zube ƙasa.

"Malam, sannunku da zuwa. Kun zo lahiya? Ya mutanen gida? Ya..."

"Lahiya. Karanta."

Ya karanta. Balarabe na kallon bangon rumbu. Ya ji an ja dogon numfashi.

"Yaushe wannan ta zo?"

Da Ɗanasabe na raye, da ya san yadda zai gyara amsar.

"Jiya da la'asar," in ji Balarabe. "Wurina ta kwana."

Sannan ya ƙara da cewa: 

"Murtala na jira Lamba da la'asar. Ɗauko takardunka."

Duk Dakko ba babur mai mai a ciki. Umar Faruk ya fito da ƙaramar jakar da ba ya rabuwa da ita, ya durƙusa gaban Taiba ta dafa kansa ta ture shi. A ƙofar gida ya kama ƙahon keken.

"Malam, ku huta nan. Gobe sai a maido muku shi."

"Ta ina za ka bi?"

"Ta Bakura, in hau titi."

"Ba ka isa. Akwai yanke ta bakin kanal, kuma ba ka san ta ba." Ya ɗaure jakar a ƙaho, ya gyara riga, ya zauna a kujerar baya. "Tuƙa."

Haka suka fita gari, ɗa a gaba, uba a baya. Da farko ba abin da ke fita daga bakin Balarabe sai hagu, dama, yi a hankali akwai rami. Keken na kuka a ƙarƙashinsu. Bayan rigar Umar Faruk ya jiƙe. Can, da suka hau gaɓa hanya ta miƙe, tsohon ya lura da wani abu. Ba fuska a gabansa. Ƙeya ce kawai, da kafaɗu, kuma da ƙeya mutum na iya magana.

"Jirginku ya bar wucewa tun kahin babbar sallah."

Keken ya ɗan karkace. "Kun lura?"

"Mai aikin ruwa shina duban sama."

Suka yi tafiya kaɗan. Sannan maganar ta ɓalle wa Umar Faruk kamar an ɗaga ƙofa. Ya ce ba rashin albashin ne ya fi ci masa rai ba. Takardar tuƙin jirgi ba kamar ta mota ba ce. In mutum ya yi wata uku bai tashi jirgi ya saukar ba, sai an sake gwada shi. Duk wata shida kuma akwai jarrabawa a cikin wata na'ura mai kama da jirgi, a ƙasar waje, kamfani ke biya. In ba ka da kamfani, kai za ka biya, kuma kuɗin ya fi ƙarfin gona. Tasa saura mako biyar ta mutu. Ya ce ya san wani da ya girme shi a aiki, ya yi shekara ashirin a sama, yanzu kaji yake kiwo a bayan Kaduna.

"Na so in hwaɗa muku. Ban san ta inda ake hwarawa ba. Kuma na tuna shanun."

"Waɗanne shanu?"

"Baba ya gaya mini kahin shi rasu."

Balarabe ya bi wata ƙofa da suka wuce da kallo. "Ɗanasabe bai iya riƙon magana ba," in ji shi. "Taka da ƙarhi. An ce mutum ɗari kake ɗauka, ga tsoho guda ya gagare ka."

Inuwarsu ta fara tsawo a gefen dama. Daga wani ƙauye can nesa suka ji kiran la'asar, kuma har yanzu ba alamar titi. Sarƙa ta zame sau ɗaya, suka sauka su biyu suna kokawa da ita, hannuwansu na karo, ba mai duban wani. Da suka sake hawa Umar Faruk ya miƙe tsaye a kan feda. Rana ta soma sauya launi lokacin da suka ji ƙarar babbar mota a kan kwalta.

Motar Murtala na gefen titi, inji na aiki, fasinja na ta faɗa. Wata tsohuwa na cewa in shi ya gaji da ransa su ba su gaji ba. Har Murtala ya saka giyar mota sai ya hango su, ya fito da kai ta taga yana dukan ƙofa.

"Kyaftin! Yi sauri, za su cinye ni ɗanye!"

Umar Faruk ya diro ya ruga. Ya kai bakin mota, jakar kuwa na nan rataye a ƙahon keke. Murtala ya sha rantsuwa daga baya cewa da kunnensa ya ji tsohon ya ɗaga murya ya kira suna, cikakke, har sau biyu. Alhaji Nagode ya ce ƙarya ce irin ta direbobi. Shi Balarabe ba a taɓa jin ta bakinsa ba. Abin da kowa ya yarda da shi, Umar Faruk ya juyo da gudu ya karɓi jakar, ya tsaya kamar zai durƙusa, tsohon ya kaɗa masa hannu ya tafi.

A Lamba Balarabe ya kwana, gidan wani tsohon manomi da ya taɓa zaginsa a kan ruwa. Da safe ya tura kekensa zuwa Mafara. Alhamis ta wuce, sha biyun rana ta yi ta wuce, ba hanyar sanin komai. Juma'a da hantsi Sa'adatu ta gan shi tsaye a tsakar gida ya ɗaga hula. Sama fayau, ba ko tsuntsu.

Ran Asabar bayan la'asar dattawa na gindin dalbejiya, motar Murtala ta tsaya. Ya fito ya tsuguna ya yi gaisuwa, wannan karon har ƙarshenta. Sannan ya ɗan matso, ya rage murya.

"Baba, in kun tashi ina da magana."

Idanun nan suka sake juyowa. Alhaji Nagode har ya buɗe baki.

"Hwaɗi nan," in ji Balarabe. "Ina ji."

Murtala ya ce Kyaftin ya isa saura minti arba'in. Su talatin da takwas suka zo, aka riƙe goma sha huɗu, yana ciki. Rabin albashi ne, kuma na wata shida ne tukuna, sai an ga yadda kamfanin ya yi. Amma za su kai shi jarrabawar. Sufyanu, wanda ya yi ta kiran, bai samu shiga ba.

Balarabe ya sunkuyar da kai. Ya yi hamdala a hankali. Sannan ya tambayi ko shi Sufyanun yana da iyali, aka ce 'ya'ya uku. Ya ce in an yanke shinkafa Murtala ya zo ya ɗauki buhu, ya nemi yadda zai kai masa.

"To, Malam," in ji Alhaji Nagode, yana gyara zama, "wai duk wanga labari na wa na? Mu ba mu gane ba."

"Na Dakko," in ji Balarabe. Ya tashi ya shiga gida, inda Sa'adatu ke tsaye a bayan ƙofar zaure da tsintsiya a hannu, ba ta share komai ba.